Nazarin Lamari: Yadda Nuna Allon Kwamfuta Ya Tona Littafin Bashin Wata Gamayyar Manoma a Gombe

Asalin lamarin

Ƙungiyar da wannan nazari ya bi diddiginta gamayyar manoma ce mai ofis a cikin garin Gombe, da rassa shida a Kumo, Dadin Kowa, Bajoga, Dukku, Kaltungo da Nafada. Tana ba mambobinta taki da iri da maganin feshi bashi a farkon damina ko lokacin noman rani, su biya bayan girbi. Wasu da kuɗi suke biya, wasu kuma da buhunan masara ko shanshera da suke kaiwa siton reshensu. An sakaya sunan ƙungiyar da na duk waɗanda abin ya shafa.

Tun kafuwarta, sau ɗaya a wata shugabannin rassa da sakatarorinsu kan taru a Gombe. Akantar ofis ta buga rahoto a takarda, a raba wa kowa, a bi shi layi-layi. Akantar nan ita ce lamarin ya fi shafa. Ta iya Excel sosai, duk lissafin gamayyar a laftof ɗinta yake, amma ba ta taɓa gabatar da rahoto ta intanet ba. Ko a 2020 da annobar korona ta sa ofisoshi da yawa suka koma Zoom, gamayyar jinkirta taronta ta yi har aka buɗe hanya.

Abin da ya sauya tsarin shi ne kuɗin mota. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Gamayyar ce ke biyan kuɗin motar mahalarta, kuma mai zuwa daga Nafada ko Dukku wuni guda yake kashewa tsakanin zuwa da komawa. Kwamiti ya yanke shawarar a riƙa yin taron wata ta Zoom, a bar haɗuwa ido da ido sai sau biyu a shekara. Ba a biya kuɗin rajista ba, da tsarin kyauta aka fara, wanda ke yanke taro bayan minti 40.

Yuli zuwa Satumba 2023: allon da ba ya karantuwa

A taron farko akanta ta yi abin da kowa zai yi. Ta buɗe jadawalin da ta saba bugawa a takarda, ta danna koren maɓallin nuna allo, ta zaɓi hoton farko da ya bayyana, ta fara bayani. Hoton farkon nan shi ne allon kwamfuta gaba ɗaya.

A wajenta komai fes. Laftof ɗinta mai allo inci 14 ce, rubutun jadawalin yana kan girman 11 kamar yadda Excel ke zuwa da shi, layukan tsaye sun haura goma sha biyar. Amma a cikin mahalarta ita da shugaban gamayya ne kaɗai ke kan kwamfuta. Duk sauran da waya suka shiga, wayar da allonta bai wuce inci 6 da ɗoriya ba, yawancinsu kuma a tsaye suke riƙe da ita. Idan faffaɗan allon laftof ya shiga wayar da ke tsaye, sai ya zama ɗan siririn zane a tsakiya, sama baƙi ƙasa baƙi. Lambobin suna nan, amma ba mai iya bambance 3 da 8.

Ba wanda ya yi magana a taron farko, haka ma na biyu. Dattawa ne mafi yawansu, ba sa son katse mai magana, wasu kuma sun ɗauka laifin wayarsu ne ko na idonsu. Sai a taro na uku shugaban reshen Kaltungo ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, mu fa jin ki kawai muke yi. Abin da kike nunawa ba ma ganinsa.” Nan take sauran suka ce su ma haka ne.

Bayan ƙanƙantar rubutu akwai dishi-dishi. Duk lokacin da ta ja shafin sama ko ƙasa sai hoton ya dagule a wayoyinsu, ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya washe, kafin nan ta riga ta wuce wani layin. Dalilin a yadda manhajojin taro ke aiki yake. Ba sabon hoto cikakke suke turawa kowane lokaci ba, wurin da ya sauya suke turawa. Shafin da ke tsaye cik kusan ba ya cin komai, amma da an ja shi kowane ɗigo na allon ya sauya, dole a sake tura shi duka, idan kuma layi ba ƙarfi manhajar sai ta rage kyan hoton don kada ya tsaya. Ƙari a kan haka, abin da ta nuna yakan isa wajensu a makare. Sai ta ce “wannan lambar” tana zagaye ta da kibiyar linzami, alhali a Bajoga kibiyar tana kan wani layin daban.

Haka kuma kowa kyamararsa a buɗe take, domin a ganinsu rashin ladabi ne mutum ya shiga taro bai nuna fuska ba. Sakatarori suka fara ƙorafin cewa taro ɗaya yana cinye musu datar mako.

Oktoba 2023: an sayi na'ura

Kwamiti ya ɗauka matsalar netwok ce. Aka saya wa ofis ƙaramar na'urar intanet ta tafi-da-gidanka, aka daina jona laftof da wayar akanta, aka kuma ware wa kowane sakatare kuɗin data na wata.

An ga ɗan sauƙi. Muryar akanta ta daina yankewa, musamman da wani ma'aikacin ofis ya gano cewa laftof ɗin takan fara sabunta kanta da zarar ta sami intanet, ta riƙa jan data a ɓoye ana tsakiyar taro. Ya shiga saitin Windows ya nuna mata cewa wannan layin mai awo ne, ta daina. Amma rubutu bai ƙara girma ba, dishi-dishin ma bai tafi ba, domin raunin layin yana can ɓangaren masu karɓa, a Nafada da Dukku, inda na'urar ofis ba ta da abin da za ta yi. Abin da akanta ta koya a wannan watan shi ne ta daina nuna allo gaba ɗaya, ta riƙa zaɓar tagar Excel kaɗai. Wani ɗan'uwanta ne ya nuna mata, ya ce ta riƙa lura da koren layin da ke zagaye abin da take nunawa, duk abin da ke cikin layin shi jama'a ke gani.

Disamba 2023: ranar da sunaye suka fita

Taron Disamba shi ne mafi nauyi a shekara, lokacin da ake duba biyan bashin damina. Akanta ta shirya taƙaitaccen jadawali mai nuna jimillar kowane reshe: nawa aka bayar, nawa aka biya, nawa ya rage. Babu sunan kowa a ciki. Ta zaɓi tagarsa kaɗai, taro ya tafi daidai har minti 40 suka cika, aka yanke.

Aka sake shiga. Duk wanda ya saba da wannan tsarin ya san cewa nuna allo ba ya dawowa da kansa, sai an sake zaɓa. Mutane sun riga sun dawo suna jira, shugaba yana cewa a ci gaba, ga la'asar ta matso. Cikin sauri ta danna hoton farko, wato allo gaba ɗaya. Jadawalin ya cika allon, saboda haka babu abin da ya nuna mata bambanci, koren layin ya koma can bakin allo inda ido ba ya kaiwa.

Sai shugaban reshen Dadin Kowa ya ce jimillar da aka rubuta wa reshensa ta yi yawa, a duba. Akanta ta ce ya ba ta minti ɗaya. Ta sauke jadawalin, ta buɗe folda, ta buɗe babban littafin bashi, ta ja shi zuwa sashen Dadin Kowa, tana da yaƙinin cewa su har yanzu taƙaitaccen jadawalin suke gani. Littafin yana ɗauke da sunan kowane mamba, da lambar wayarsa, da abin da ya karɓa, da abin da ake binsa. Waɗanda suka wuce wa'adi ta shafa musu jan launi don sauƙin aikinta. Da yake tana neman lamba, sai ta ƙara girman shafin don ta gani da kyau. A karon farko tun da aka fara taron intanet, rubutu ya fito raɗau a kowace waya.

Shafin ya yi kusan minti biyu a buɗe. Sakataren Kumo ne ya buɗe makirufo ya ce, “Hajiya, rufe! Sunayen mutane muke gani.” Ta rufe, amma wani ya riga ya ɗauki hoton allon. Kafin isha'i hoton ya shiga zauren WhatsApp na reshen Dadin Kowa, washegari ya fita zuwa wasu zaurukan.

A cikin sunayen da ke da jan launi akwai na wani dattijo, manomin shinkafa, mutumin da ake kai wa ƙara a unguwarsa, ake kuma sa shi waliyyin aure. Shi kuwa ya riga ya biya. Makonni biyu kafin taron ya kai buhunan shansherarsa siton reshe, mai kula da sito ya rubuta a littafinsa na hannu, amma rasit ɗin bai iso Gombe ba, don haka bai shiga kwamfuta ba. Ashe wannan ne ma ya sa jimillar reshen ta yi yawa.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya aiko ɗansa da takarda cewa a cire sunansa daga gamayyar. Wasu mambobin reshen suka ce idan haka ake yi da asirin mutane su ma ba za su karɓi kayan noman rani ba.

Makonni biyu bayan nan: zuwa gidan dattijo

Shugaban gamayya ya tura saƙon ban-haƙuri a zauren WhatsApp. Bai yi tasiri ba, wasu ma sai a lokacin suka ji labarin suka shiga neman hoton. Sai shugaba da akanta da shugaban reshe suka ɗauki hanya har Dadin Kowa, suka nemi limamin unguwar ya raka su. Suka tafi da rasit ɗin da sabon shafin da aka gyara, a buge a takarda.

Akanta ce ta yi bayani da bakinta. Ta ce, “Baba, daga hannuna abin ya fita, ba kuma da gangan ba ne. Ga shaida cewa ba a binka ko kwabo.” Dattijon ya ce, “'Yata, na san ba ki yi don ki ci mutuncina ba. Amma waɗanda suka ga jan nan, wa zai bi su ya nuna musu wannan takardar?” Aka tsayar cewa shugaban reshe zai faɗa a taron mambobi na gaba, a gaban kowa, cewa lissafin ofis ne ya makara. An yi hakan, dattijon ya janye takardarsa. Mambobi biyu daga cikin waɗanda sunansu ya fita, waɗanda su da gaske ana binsu, ba su dawo ba.

A wannan ziyarar ne wani mamba, malamin makaranta, ya tuna wa shugabanni cewa tun Yuni 2023 Nijeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita. Sunan mutum da lambar wayarsa da bayanin bashinsa duk suna cikin abin da dokar ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsarewa. Kafin ranar babu wanda ya taɓa ɗaukar littafin bashin gamayyar a matsayin abin da doka ta shafa.

Janairu da Fabrairu 2024: hani, da abin da ya haifar

Matakin farko na kwamiti shi ne hana nuna allo kwata-kwata. Akanta za ta riƙa karanta lambobi da baki. Taron Janairu ya ci zagaye uku na minti 40, domin kowace lamba sai an ce ta maimaita, kowa yana rubutawa a takardarsa, a ƙarshe aka tashi da jimilla iri-iri.

A Fabrairu aka gwada tura hotunan jadawalin ta WhatsApp kafin taro. WhatsApp yakan matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto, ƙananan lambobi suka dagule. Mai waya ɗaya kuma dole ya fita daga Zoom ya duba hoton ya dawo, wasu da sun fita sai su rasa hanyar dawowa. Shugaba da kansa ya ɗaga wata damuwar: abin da aka tura ya zauna a wayar mutum har abada, ya fi abin da aka haska na ɗan lokaci saurin yawo.

Sai aka sassauta, aka ce ta nuna amma da PowerPoint, taga ɗaya. Nan ma aka ci karo da wani abu. Ta zaɓi tagar da take gyara shafukan, sannan ta kunna nunin da ke cika allo. Nunin a wata sabuwar taga yake buɗewa, ita kuwa Zoom tana nan kan tsohuwar. Akanta ta kai shafi na biyar tana bayani, jama'a na kallon shafin farko. A wannan taron kuma aka so nuna wani gajeren bidiyo na yadda ake haɗa maganin feshi, hoto ya tafi babu sauti, saboda akwai ɗan akwatin da ake dannawa a lokacin zaɓar taga idan ana son sautin kwamfuta ya bi hoton, ba a danna shi ba.

Maris 2024: an zauna a kujerar mai kallo

Sauyin ya zo ne daga wata matashiya mai hidimar ƙasa da aka turo ofis ɗin. Ba ta kawo wata na'ura ba. Kwana ɗaya kafin taro ta buɗe taron gwaji daga laftof, ta shiga da wayarta da datarta, ta miƙa wa akanta wayar ta ce, “Anti, ga abin da suke gani.” Akanta ta daɗe tana kallon jadawalin nata a tafin hannunta. Wata takwas tana nuna wa mutane allo, ba ta taɓa ganinsa daga ɓangarensu ba.

A kan wannan wayar suka sake gina rahoton. Suka raba shi shafi-shafi, kowane reshe da nasa, layukan tsaye huɗu kacal: abin da aka bayar, abin da aka biya da kuɗi, abin da aka biya da amfanin gona, da saura. Suka yi ta ƙara girman rubutu suna duba wayar har ya karantu ba tare da an matso da ita kusa da ido ba, wanda ya tsaya a wajen 24. Kowane layi aka ba shi lamba a gefe, kowane shafi aka rubuta lambarsa ƙatuwa a sama. Maimakon “wannan lambar”, akanta za ta ce “shafi na 3, layi na 2”, ko hoton ya makara mai sauraro zai iske wurin. Daga nan suka mayar da rahoton PDF, yadda ake tsallakawa daga shafi zuwa shafi da danna maɓalli ɗaya, ba jan shafi, ba sabuwar taga mai buɗewa a ɓoye. Idan ta juya shafi takan ƙirga biyar a zuciyarta kafin ta fara magana.

PDF ɗin yana da wata fa'idar da ta fi wannan. Tagar Excel, ko ita kaɗai aka nuna, tana ɗauke da sauran shafukan fayil ɗin a ƙasa, danna ɗaya ya isa ya buɗe wanda ba a so. Idan kuma aka shiga wurin buɗe fayil daga cikinta, sunayen fayilolin da aka yi aiki da su kwanan nan za su jeru kowa ya karanta. PDF ɗin da aka shirya don taro ba abin da ke cikinsa sai abin da aka yi niyyar nunawa.

Babban littafin bashi kuwa aka raba shi da taro gaba ɗaya. Aka buɗe wa laftof ɗin wani asusun shiga na daban mai suna “Taro”, fuskarsa wayam, babu WhatsApp, babu imel, babu folda sai ɗaya mai ɗauke da rahoton ranar. Ko da an yi kuskuren nuna allo gaba ɗaya, babu abin gani. Aka kuma kunna saitin da ke hana sanarwa faɗowa. Idan wani ya yi tambayar da sai an duba suna, ba a amsa ta a taron. Akan rubuta ta, akanta ta kira shugaban reshen shi kaɗai bayan an tashi. Matashiyar ta kwatanta musu abin da cewa baƙo a zaure ake ganawa da shi, ba a shigar da shi ƙuryar ɗaki don kawai ana neman abin da za a nuna masa.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A saitin taron aka mayar da ikon nuna allo hannun mai masauki kaɗai, wato wanda ya buɗe taron. Aka naɗa mutum ɗaya a ofis ya riƙa shiga da waya a gefen akanta, makirufo a rufe, sauti a kashe don kada ya yi amsa-kuwwa, aikinsa kawai ya ga abin da jama'a ke gani ya taɓa ta idan ya ga ba daidai ba. Akanta ta haddace maɓallai biyu: Alt da T na dakatar da hoton a inda yake, Alt da S na tsayar da nunin. Bayan kowace yankewar minti 40 ba a ci gaba sai mai wayar gefe ya ce ya ga koren layi a kan rahoto kaɗai.

Batun kyamara ya ɗan ja muhawara, aka sasanta a kan cewa a buɗe lokacin gaisuwa da addu'ar buɗe taro, a rufe da an fara rahoto. Alƙaluman da Zoom ke bayarwa sun nuna dalili. Nuna allo yana buƙatar kilobit 50 zuwa 150 a daƙiƙa, murya 60 zuwa 80, alhali bidiyo mai kyau ko tsakanin mutum biyu ne yana neman megabit 1.2, wato kilobit 1,200. Idan aka lissafa na awa ɗaya, allo da murya ba za su wuce megabait 100 da kaɗan ba, bidiyon kuwa ya haura 500. Aka kuma roƙi kowa ya kwantar da wayarsa a kaikaice, aka nuna musu yadda ake buɗa hoton da yatsu biyu.

Taron farko a sabon tsari ya faɗo cikin azumi, a makon da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ranar 14 ga Maris 2024, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya. Duk da haka rassa biyar sun karanta rahoton, an kuma gama shi kafin zagaye na biyu ya ƙare. Nafada ce kaɗai ta yi ta fita tana shiga.

Akwai jan kunne ɗaya da aka ƙara wa sakatarori, wanda ya wuce harkar gamayya. Tun Agusta 2023 WhatsApp ya ba da damar nuna allon waya a kiran bidiyo. Nuna allon waya ya fi na kwamfuta haɗari, domin a yawancin wayoyin da ke hannun mutane komai ne ke fita, har saƙon banki da lambar sirrin da ake turowa don tabbatar da ciniki. Masu damfara sun san haka, sukan kira da sunan ma'aikatan banki su ce a nuna musu allo su gyara matsala. Aka ce kada wani sakatare ya nuna allon wayarsa ga kowa, ko a taro ko a waje.

Oktoba 2024 zuwa farkon 2025

A ƙarshen Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Gombe, sun yi fiye da mako babu wutar lantarki bayan manyan layukan da ke kawo ta sun sami matsala. Taron watan ya faɗo a ciki. Wayoyin sakatarori da cajin kasuwa suke, batirin laftof kuma ba ya kai awa biyu. An yi taron cikin zagaye ɗaya, kyamara a rufe tun daga farko, shafi shida da jimilla. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin farashin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Gamayyar ba ta ƙara kuɗin datar sakatarori ba, ba su kuma nema ba. Daga Maris 2024 zuwa lokacin da aka rufe wannan nazari sunan wani mamba bai sake fita a taro ba. Sau ɗaya an sake danna allo gaba ɗaya bayan yankewa, mai wayar gefe ya gani cikin daƙiƙoƙi, abin da ya fito kuwa fuskar asusun “Taro” ce.

Abin da nazarin ya nuna

A ganina kwamitin ya ɓata wata takwas ne saboda kusan duk gyaran da ya yi a ɓangaren mai nunawa ya tsaya. An saya mata na'ura, an hana ta, an sauya mata manhaja, ba a taɓa tambayar abin da ke isa wayar sakataren Dukku ba. Shirun dattawa a tarukan farko ma ya taimaka wajen ɓoye matsalar, kuma ba laifinsu ba ne, domin ba a ba su wata hanyar faɗa ba sai katse mai magana. Wayar gefe ta ɗauke musu wannan nauyin.

Ban yarda da waɗanda suka ɗora abin Disamba a kan sakacin akanta ba. Ta san ƙa'idar taga ɗaya, ta kuma bi ta a zagayen farko. Abin da ya kayar da ita shi ne tsarin da ke tilasta mata sake zaɓa cikin gaggawa kowane minti 40, a kan kwamfutar da asirin ɗaruruwan mutane ke nesa da idon jama'a da danna biyu. Duk wanda aka ajiye a wannan kujerar wata rana zai danna ba daidai ba. Asusun “Taro” ya yi aiki ne domin bai dogara da cewa ba za a yi kuskure ba, an ma sake yin kuskuren bai cutar da kowa ba. Hani kuwa ya gaza domin buƙatar ganin lambobi ta gaske ce, da aka toshe ta sai ta ɓulla ta WhatsApp, inda haɗarin ya fi yawa.

Ɓangaren da gyaran kwamfuta bai taɓa ba shi ne wanda ya fi ciwo. Dattijon Dadin Kowa bai ji zafin ganin sunansa kawai ba, jan launin da ke kansa ƙarya ne, kuma ƙaryar daga makarar rasit ta fito. An tsayar cewa kowane mai kula da sito ya riƙa turo rasit ɗin mako duk ranar Alhamis, akanta ta shigar ranar Juma'a, ta kuma rubuta ranar shigarwar ƙarshe a saman shafin kowane reshe. Rassa huɗu suna cikawa. Nafada da Dukku har yanzu sukan makara da mako biyu ko uku, musamman lokacin kaka da buhuna ke shigowa da yawa, kuma kwamiti bai yanke shawarar ko zai ɗauki mataimakin sito na wucin gadi a waɗannan watannin ba.